Zumunta a Ƙafa Take: Tarihin Mabiya Grateful Dead da Ƙwayar LSD

Shimfiɗa

Mai karatu, bari mu fara da tatsuniya, tunda daga cikinta aka raɗa wa mutanen da za mu yi magana a kansu suna. An ce wani matafiyi ne ya isa wani gari, ya tarar da gawa yashe a bakin hanya an hana a binne ta, saboda mamacin ya mutu da bashi a kansa. Matafiyin nan bai san shi ba, bai san danginsa ba, amma ya kwance ɗan guzurinsa ya biya bashin, aka yi wa gawar sutura. Da ya ci gaba da tafiya sai wani baƙo ya riske shi, ya zama abokin tafiyarsa, ya riƙa fitar da shi daga haɗari iri-iri har ya kai ga arziki. Sai a ƙarshe baƙon ya bayyana masa cewa shi ne mamacin nan, ya dawo ne ya rama alheri.

Ana samun wannan tatsuniya a ƙasashe da dama, kuma masana adabin baka suna kiran jigonta da Turanci Grateful Dead, wato mamaci mai godiya. A ƙarshen shekarar 1965, wani makaɗin jita mai suna Jerry Garcia ya buɗe ƙamus a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya a Amurka, idonsa ya faɗa kan waɗannan kalmomi biyu. A lokacin shi da abokansa suna neman sabon suna ne, domin sun gano akwai wasu makaɗan da suka riga su amfani da Warlocks, sunan da suke kiɗa da shi. Daga ranar zuwa shekarar 1995, ƙungiyar Grateful Dead ta yi wasa fiye da sau 2,300, kuma a bayanta aka samu wata al'umma mai yawo da ake kira Deadheads, mutanen da suka bar gida da makaranta da aiki suna bin makaɗan nan gari-gari, suna kiran junansu 'yan'uwa. Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: me ya haɗa wannan zumunci? Kiɗa ne, ko ƙwaya, ko kuwa tafiyar kanta?

Inda ƙwayar ta fito

Ba za a fahimci labarin ba sai an san LSD. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwizalan, Albert Hofmann, shi ya fara harhaɗa ta a shekarar 1938 a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel, daga wata irin fumfuna da ke kama hatsin Turawa. Ya ajiye ta shekara biyar bai san ƙarfinta ba, sai a watan Afrilun 1943 ya gwada a kansa, ya koma gida a kan keke duniya tana narkewa a idonsa. Abin da ya bambanta ta da sauran kayan maye shi ne ƙanƙantar abin da ake sha. Abin da bai kai ƙwayar gishiri ɗaya nauyi ba ya isa ya juya wa mutum gani da ji da lissafin lokaci na tsawon sa'a 8 zuwa 12, domin kai tsaye take aiki a kan wasu jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu karɓar sinadarin serotonin.

Abin mamaki, gwamnatin Amurka ce da kanta ta fara ɗanɗana wa matasan Kalifoniya ita. Tun daga 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA take da wani shirin sirri mai suna MKUltra, tana binciken ko za a iya sarrafa hankalin ɗan Adam da ƙwayoyi. Cikin waɗanda aka biya kuɗi aka yi gwaji a kansu a wani asibitin tsoffin sojoji da ke Menlo Park akwai wani matashin marubuci, Ken Kesey, wanda ya fitar da littafinsa One Flew Over the Cuckoo's Nest a 1962. Shi ma Robert Hunter, wanda daga baya ya zama marubucin mafi yawan waƙoƙin Grateful Dead, an yi irin wannan gwaji da shi.

Kesey ya fito daga asibiti da ra'ayin cewa abin ya fi ƙarfin a bar wa likitoci su kaɗai. A ƙarshen 1965 shi da jama'arsa suka fara shirya wasu tarukan dare da suka kira Acid Tests. Dala ɗaya ake biya a shiga, a kunna fitilu masu launi-launi, a sha ƙwaya, a kwana ana rawa. A lokacin doka ba ta hana LSD ba, sai ranar 6 ga Oktoba, 1966 jihar Kalifoniya ta haramta ta. Grateful Dead su ne makaɗan waɗannan taruka, kuma a nan suka koyi salon da suka mutu a kansa: kiɗa ba tare da tsari ba, kowa na sauraron ɗan'uwansa, a bi waƙa duk inda ta nufa. A nan ne kuma suka haɗu da Owsley Stanley, mutumin da ya dafa LSD da ta isa sha fiye da sau miliyan ɗaya a ɓoye, ya zuba kuɗinta wajen saya musu kayan sauti. Shi ne ya jagoranci ƙera katangar lasifiku kimanin 600 da suka yi yawo da ita a 1974. Ka ga ke nan tun daga tushe, kiɗan da ƙwayar tare suka tashi. Tun daga tushen kuma aka fara ganin illar, domin a taron da aka yi a unguwar Watts ta Los Anjelis a farkon 1966, wasu sun sha lemon da aka zuba wa ƙwayar ba tare da sun sani ba, hankalinsu ya yi mummunan tashi.

Yadda aka zama dangi

Yawancin mawaƙa idan suka fita rangadi, waƙoƙin da suka yi jiya su za su maimaita yau. Grateful Dead ba su taɓa maimaita jerin waƙoƙin dare ɗaya a wani dare ba, kai ko waƙa guda ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Waƙarsu Dark Star takan kai rabin sa'a wani lokaci, wani lokacin kuma a yi shekaru ba su taɓa ta ba. Saboda haka wanda ya ga wasan Juma'a sai ya ji bai isa ya bar na Asabar ya wuce shi ba, wanda ya ga na wannan gari sai ya cika mota da mai ya bi su gari na gaba. Da haka ayari ya haɗu, irin na fatake, inda fuskokin da ka bari a zangon jiya su za ka tarar a na gobe.

Su ma makaɗan sun taimaka. A jikin wani faifai da suka fitar a 1971 sun buga sanarwa cewa duk mai ƙaunarsu ya aiko da sunansa da adireshinsa, suka riƙa aika wa dubban mutane wasiƙu ta gidan waya. A 1983 suka buɗe ofishinsu na sayar da tikiti ta wasiƙa, don kada 'yan baranda su riƙa tsawwala wa mabiyansu. Abin da ya fi ɗaure wa 'yan kasuwar kiɗa kai shi ne yadda suka ƙyale jama'a suna naɗar wasanninsu a kaset, har a watan Oktoban 1984 suka ware wa masu naɗa wuri na musamman a bayan tebirin sauti. Sharaɗi ɗaya ne: a yi musaya, kada a sayar. Mutum zai aika wa wanda bai taɓa gani ba kaset fanko da kuɗin kan sarki, a cika masa a mayar masa kyauta.

Filin ajiye motoci kuwa ya zama gari guda mai tashi da sauka. Suna kiran kasuwarsa Shakedown Street, sunan wani faifan ƙungiyar na 1978. A nan ake sayar da rigunan rini masu launin bakan gizo, da burodi da cuku da aka gasa a bayan mota, da sarƙoƙin hannu, da ƙwaya a ɓoye. Ribar da aka samu ita ce kuɗin mai da tikitin gobe. Wanda ba shi da tikiti sai ya yi ta zagaye ya ɗaga yatsa ɗaya sama, alamar yana neman abin da suke kira mu'ujiza, wato wani ya ba shi tikiti kyauta. Sau da yawa kuma ana ba shi, mai bayarwar ya juya ya shige cikin taro ba tare da ya tsaya jin godiya ba. Wanda aka yi wa haka yakan ɗauke shi bashi, sai ranar da ya samu hali ya yi wa wani baƙon. Idan mai karatu ya tuna tatsuniyar da muka fara da ita, zai ga ba su yi nisa da ita ba.

Shauƙi ko maye?

Da yawa daga cikinsu 'ya'yan masu rufin asiri ne, fararen fata, waɗanda suka taso a gidajen Kirista ko Yahudawa amma zuciyarsu ta bar wurin ibadar iyayensu. Idan ka karanta abin da suka rubuta game da wasannin, kalmomin ibada za ka yi ta cin karo da su. Sun ce akwai lokacin da ke zuwa a tsakiyar zagaye na biyu, bayan makaɗan ganga biyu, Mickey Hart da Bill Kreutzmann, sun gama nasu, sauran kuma sun shiga wani sauti marar kari marar amshi, sai mutum ya ji katangar da ke tsakaninsa da na kusa da shi ta faɗi, dubban jama'a su zama kamar jiki ɗaya. Wasu sun ce a nan suka yi kukan iyayensu da suka rasu, wasu sun ce a nan suka yafe wa waɗanda suka cuce su.

A watan Satumban 1978 ƙungiyar ta kwashi kayanta ta tafi Masar, ta yi wasa dare uku a gindin dalar Giza, a daidai makon da Sadat da Begin suke tattaunawar sulhu a Camp David. Makaɗin Nubiya Hamza El Din ya hau dandamali tare da su, a daren ƙarshe kuma aka yi husufin wata. Mabiyan da suka ƙetare teku don wannan, har tsufansu suna ba da labarinsa kamar na ziyarar wuri mai tsarki. Mickey Hart ya ci gaba da neman makaɗan ganga na duniya, ciki har da Babatunde Olatunji ɗan Nijeriya, wanda suka yi faifan Planet Drum tare a 1991.

Malaman jami'a ma abin ya ja hankalinsu. Joseph Campbell, masanin tatsuniyoyi da addinan dā, ya halarci wasansu a tsakiyar shekarun 1980 yana tsoho mai shekara tamanin, ya fito yana kwatanta abin da ya gani da bukukuwan Dionysus na Girkawan dā. A 1989 wata malamar nazarin zamantakewa, Rebecca Adams ta Jami'ar North Carolina da ke Greensboro, ta ɗebi ɗalibanta a mota suka bi rangadin bazara don su nazarci al'ummar daga ciki. Akwai ma wani rukuni da ake kira Spinners, masu juyi a tsaye kamar darwishan Turkiyya, waɗanda suka kafa majami'arsu a wata gona a arewacin Kalifoniya, suna ɗaukar kiɗan Garcia a matsayin saƙo daga sama. Ba su daɗe ba rikicin shugabanci ya watsa su a farkon shekarun 1990.

To, shin ƙwayar ce ke kawo wannan ji? Babu shakka tana da hannu. A 2006 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Roland Griffiths sun bai wa mutum 36 sinadarin psilocybin, ɗan'uwan LSD da ake samu a wata laimar kwaɗi, kuma kusan kashi biyu cikin uku suka ce abin da suka ji yana cikin abubuwa biyar mafi ma'ana a rayuwarsu. Sai dai waɗannan an tantance lafiyar ƙwaƙwalwarsu kafin a ba su, suna kwance a ɗaki, da masu kula a gefensu. Filin mota ba shi da wannan. Akwai waɗanda tsoro ya kama su har sai da ma'aikatan jinya na sa-kai suka zauna da su sa'o'i suna lallashi, akwai kuma waɗanda ƙwayar ta tayar musu da taɓin hankalin da ke kwance, ba su sake dawowa daidai ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa zumuncin ya wuce ƙwaya daga cikin gidan ta fito. A shekarun 1980 wasu mabiyan da shaye-shaye ya kusa hallakawa suka kafa ƙungiyar Wharf Rats, sunan wata waƙa mai ba da labarin wani mashayi da ya ƙare a bakin tashar jirgin ruwa. Sukan ɗaga balan-balan ruwan ɗorawa don a gane inda suke, su taru a lokacin hutun rabin wasa suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Sun daina sha, amma ba su daina zuwa ba, kuma sun ce abin da suke ji a da suna ji har yanzu.

In dambu ya yi yawa

A watan Yulin 1986 ciwon suga ya jefa Garcia cikin doguwar suma ta kwanaki, da ya farfaɗo sai da ya sake koyon kaɗa jita. Shekara guda bayan haka waƙarsu Touch of Grey ta shiga cikin goma na farko a Amurka, karo na farko kuma na ƙarshe a tarihinsu, gidan talabijin na MTV ya yi ta nuna ta. Sai ga sabuwar jama'a ta kwararo, da yawansu ba kiɗan ya kawo su ba, labarin filin mota suka ji. Dubbai suka riƙa zuwa ba tikiti, ba kuma niyyar shiga. Garuruwa suka fara kuka da shara da hayaniya, wasu suka rufe musu ƙofa. A 1989 ƙungiyar da kanta ta hana kwana da kasa kaya a filayen wasanninta, amma hanin bai yi tasiri sosai ba. Hodar iblis da tabar heroyin suka shigo, su kuwa ba ruwansu da zancen buɗe zuciya.

Makaɗan ma ba su tsira ba. Ron McKernan, wanda ake kira Pigpen, bai son LSD, giya ce tasa, ya mutu a 1973 yana da shekara 27. Brent Mydland, mai kaɗa piyano, ƙwaya ta kashe shi a 1990 yana da shekara 37. Garcia kansa ya shafe shekaru yana fama da heroyin. Mutum ne da ya tsani a ɗauke shi shugaba, balle waliyyi, amma ga dubban mutane na karanta ma'ana a cikin kowane motsinsa. A 1991 da 1993 babu ƙungiyar kiɗan da ta kai su tara kuɗin tikiti a Arewacin Amurka, ga ma'aikata masu iyali da ke ci daga rangadin, saboda haka hutun da jikinsa ke nema ya zama abu mai wuyar samu.

Nauyin takarda

Bala'in da ya fi cin matasan ayarin daga kotu ya zo. Dokar yaƙi da ƙwaya ta 1986 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga wanda aka kama yana sayar da giram 1 na abin da ke ɗauke da LSD, da shekara 10 ga giram 10. Matsalar ita ce LSD ba ta da nauyin kirki, ɗiga ta ake yi a kan takarda mai shan ruwa, a yayyanka ƙanana. Shin ƙwayar za a auna, ko har da takardar? A shari'ar Chapman ta 1991, Kotun Ƙolin Amurka ta ce har da takardar. A wannan shari'ar, ƙwayar zalla miligiram 50 ce kacal, amma da aka haɗa da takarda sai ta kai giram 5.7. Ma'ana, wanda ya ɗiga tasa a kan takarda mai kauri ko dunƙulen sukari zai fi babban dillalin da ke riƙe da ruwanta zalla shan ɗauri.

Jami'an tsaro suka riƙa sa rigunan rini suna shiga filin mota, kuma dabi'ar yarda da baƙo da al'ummar ke taƙama da ita, ita ta sa kama su ya yi sauƙi. Wanda labarinsa ya fi shahara shi ne Timothy Tyler, matashin mabiyi da aka yanke wa ɗaurin rai-da-rai a 1994 saboda sayar da LSD, kasancewar an taɓa kama shi sau biyu a baya. Sai a 2016 Shugaba Obama ya sassauta masa, ya fito a 2018, bayan ya haura shekara ashirin a kurkuku.

Rangadin ƙarshe

Bazarar 1995 ta zo da masifu a jere. A birnin Washintan tsawa ta faɗa wa mutum uku a wajen filin wasa. Ranar 2 ga Yuli a Deer Creek ta jihar Indiyana, marasa tikiti suka karya shinge suka kutsa, wasu na ciki na taya su, aka yi arangama da 'yan sanda, aka soke wasan washegari. Makaɗan suka rubuta wa mabiyansu wasiƙa mai zafi, suka ce idan ba su gyara halinsu ba rangadi ya ƙare. Kwanaki kaɗan bayan haka wani rufi ya rufta a sansanin da mabiya suka sauka a jihar Misuri, fiye da mutum 100 suka ji rauni. Ranar 9 ga Yuli suka yi wasa a filin Soldier Field na Shikago. Bayan wata guda cif, ranar 9 ga Agusta, zuciyar Garcia ta tsaya a wani gidan jinyar masu son rabuwa da ƙwaya a Kalifoniya, yana da shekara 53. A watan Disamba sauran suka ajiye sunan ƙungiyar. An ƙona gawarsa, aka zuba wani ɓangare na tokar a kogin Ganges na Indiya, sauran a tekun San Faransisko.

Kammalawa

An zaci ayarin zai watse daga nan, amma a 2015, da waɗanda suka rage suka taru don cika shekara 50, kimanin mutum 70,000 ne suka cika Soldier Field kowane dare har dare uku, kakanni da jikoki. Takardun ƙungiyar da wasiƙun mabiyanta suna ajiye a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, kaset-kaset ɗin da aka yi ta musaya kuwa an ɗora dubbansu a intanet, kyauta kamar yadda aka saba.

A nawa ganin, ƙwayar ta ba su wani ji mai ƙarfi na sa'o'i, ta kuma karɓi farashinta da hankalin wasu da shekarun wasu a kurkuku. Abin da ya rayu bayan shekara talatin da mutuwar Garcia kuwa shi ne abin da aka yi da ƙafa da hannu: wanda ya rage maka hanya daga wannan jiha zuwa waccan, wanda ya raba burodinsa biyu, wanda ya miƙa maka tikiti ya wuce. Bahaushe ya riga ya faɗa, zumunta a ƙafa take. Abin da ya rage mini a rai shi ne Garcia kansa, wanda dubbai suka samu dangi ta dalilinsa, suna kallon jikinsa na lalacewa shekara bayan shekara a kan dandamali, amma aka rasa mai cewa a dakata ya huta. Ko laifin wa ke nan, na bar wa mai karatu ya yanke. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.